Tafiyar hutu zuwa yankin Speyside tare da maƙwabci mai ɗanɗana wuski: ina ya kamata na tsaya?

Baban Sadiq, Aberdeen

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai kwana uku ke nan, na ga ya dace in kawo ta gaban malamanmu da waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan. Ina da maƙwabci ƙofa da ƙofa, Bature ne ɗan asalin Sikotland, shekararmu huɗu tare ba mu taɓa samun saɓani ba. Shi da matarsa ne suka kai maiɗakina asibiti da tsakar dare ranar da naƙudar autarmu ta tashi ina can wurin aiki a kan teku, don haka ba mutumin da zan juya wa baya cikin sauƙi ba ne.

Ya kawo shawarar mu haɗa iyalanmu mu yi tafiyar kwana biyar a mota idan an ba yara hutu a watan Yuli. Za mu tashi daga Aberdeen mu bi ta Huntly zuwa Dufftown, tafiyar kimanin mil 50, mu kwana biyu a yankin kogin Spey, mu wuce Aviemore, sannan Inverness da tafkin Loch Ness, mu dawo gida ta gaɓar teku. Mu tara ne gaba ɗaya, shi da matarsa da yara biyu, ni da maiɗakina da yara uku. Matsalar ita ce, shi babban abin da yake so a tafiyar shi ne shiga matatun wuski biyu ko uku a Dufftown da kewaye, a zagaya da shi a nuna masa yadda ake yi, a ƙarshe ya ɗanɗana, sannan ya leƙa wani ƙaramin kamfanin giya a Aviemore. Ya san ba na sha, kuma bai taɓa tayi mini ba. Abin da ya ce shi ne mu yi hayar mota ɗaya mai kujera tara mu raba kuɗin, ni in riƙa tuƙi a ranakun da zai ɗanɗana tunda ni kaina garau yake kullum. A wurinsa wannan tsari ne mai kyau wanda kowa ya amfana. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, maiɗakina ma ta ce ba ta son yara su shiga irin waɗannan wurare. Shin in ƙi tafiyar gaba ɗaya, ko akwai hanyar da zan bi in tsira da addinina ba tare da na ɓata zumuncin ba?

Malam na Zariya

Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka ɗora ƙafa. Maganar sha ba ta taso ba tunda ka san hukuncinta a aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida, amma ka lura cewa umarnin da ya zo a wurin na nisanta ne, kuma nisanta ya fi barin sha faɗi. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka rawaito daga Anas ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, a cikinsu akwai mai matsa ta, da mai sayar da ita, da mai shayar da ita, da mai ɗaukar ta, da wanda aka ɗauko ta dominsa. Idan kai ne a kan sitiyari, ka kai mutum ƙofar matata domin ya sha, ya fito da kwalabe ya zuba a bayan mota, ka tuƙa su har gida, to ina jin tsoron sunan mai ɗauka ya hau kanka. Akwai kuma hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar ƙarshe zama a teburin da ake zagayawa da giya. Shawarata ita ce ka ba shi haƙuri da kyakkyawan lafazi, ka saka masa alherinsa ta wata hanyar.

Maman Ilham, Inverness

Allah gafarta Malam, ban ja da hukuncin da ka kawo ba, amma ina ganin ba shi haƙuri a kan tafiyar dungurungum ya yi tsauri, domin abin da ke cikin hanyar nan ya fi wuski yawa nesa ba kusa ba. Shekarata tara a Inverness, na bi hanyar A95 ba adadi da yarana, kuma ban taɓa taka ƙofar matata ba. A Dufftown akwai tsohuwar ganuwar Balvenie da yara suke jin daɗin zagayawa, akwai jirgin ƙasa na tarihi da 'yan sa-kai suke gudanarwa tsakanin Dufftown da Keith. A Craigellachie akwai gadar ƙarfe da Thomas Telford ya kammala a 1814 a kan kogin Spey, a ƙarƙashinta akwai tsakuwa da ruwa mai sanyi inda ake shimfiɗa tabarma a ci abinci. Daga can mutum zai iya takawa a ƙafa ta tsohon layin dogo zuwa Aberlour, garin da kamfanin biskit na Walkers yake. Idan aka isa Aviemore kuwa ga tafkin Loch Morlich da yashinsa, ga garken barewar ƙanƙara da aka dawo da su tsaunukan Cairngorm tun 1952.

Abin da nake ba ka shawara, Baban Sadiq, shi ne ka raba tafiyar da motar. Ku je, amma kowa da motarsa. Ranar da zai shiga matata, kai ka ɗauki naka iyalin ku tafi bakin kogi, ku haɗu da yamma.

Baban Sadiq, Aberdeen

Na gode Malam, na gode Hajiya. Abin da yake yi mini nauyi shi ne yadda zan gaya masa ba zan tuƙa shi ba. Mutumin da ya tashi ƙarfe biyun dare ya tuƙa matata, yau ni in ce ba zan tuƙa shi ba?

Baban Ishaya, Gilasgo

Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ɗan taɓa wuski jefi-jefi, ko da yake mahaifina marigayi dattijon coci ne wanda bai taɓa yarda giya ta shiga gidansa ba, kamar yadda majami'u da yawa a arewa suke koyarwa. Ba zan sa baki a hukuncin addininku ba. Zan dai bayyana wa ɗan'uwa abin da ake yi a irin wannan ziyara domin ya yanke shawara da sani, tunda na je sau uku.

Ziyarar takan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu, kuma mafi yawanta kallon sana'a ne. Ana fara nuna maka sha'ir da aka jiƙa ya yi tsiro, aka busar da shi, aka niƙa. Duk wanda ya ga mata suna yin tsiron dawa a gida zai gane abin nan take, domin dabarar ɗaya ce da ta burukutu: tsiron ne yake juya garin hatsi ya zama zaƙi. Sai a zuba ruwan zafi a tace ruwan zaƙin, a zuba masa yis a manyan kawuna na katako ko na ƙarfe, ya yi kwana biyu ko uku yana tafasa da kansa har ya zama giya mai ƙarfin kusan kashi 8 cikin ɗari. A nan burukutu yake tsayawa, a sha shi a ƙwarya yana da tsami da kauri. Wuski kuwa a nan ya fara, domin ana dafa wannan giya a cikin manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, tururin ya tashi a sanyaya shi ya koma ruwa, a maimaita sau biyu. Dokar 2009 ta ce ba za a kira shi wuskin Sikotland ba sai ya yi aƙalla shekara uku a gangar itacen oak a cikin ƙasar, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Yawancin gangunan tsofaffi ne da aka sayo daga Amurka ko Sifaniya bayan an ajiye wata barasar a ciki, daga jikinsu ne launi da rabin ƙanshin suke fitowa. Duk shekara kusan kashi 2 cikin ɗari yakan tsere ta jikin katakon ya bi iska, shi ya sa idan ka shiga rumbun ajiyar za ka ji warin ya cika maka hanci har maƙogwaro.

Ɗanɗanon yana zuwa ne a ƙarshe, a wani ɗaki da tebur da ƙananan kofunan gilashi masu tsukakken baki. Ana zuba ɗan kaɗan iri uku ko huɗu, a ce ka shinshina tukuna, ka ɗiga ruwa, sannan ka kurɓa. To wannan ɗakin, Baban Sadiq, babu shakka shi ne teburin da Malam yake magana a kai. Wasu matatun ma ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, wasu suna karɓar yara a zagayen amma ba a ba su komai, don haka zancen yaranku su shiga tare bai ma tabbata ba.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne, maƙwabcinka ba ya buƙatar direba kamar yadda yake zato. Matatu da yawa suna ba mai tuƙi rabonsa a ƙananan kwalabe ya tafi da shi masauki ya sha da dare. Ko matarsa ta tuƙa, ko ya karɓi kwalabensa. Sun saba da wannan sarai.

Likita, Dundee

Ina goyon bayan maganar mota biyu, kuma ina da dalilin da za ka iya gaya masa wanda shi kansa ya sani. Tun watan Disamba na 2014 Sikotland ta rage iyakar barasar da aka yarda direba ya kasance da ita a jini zuwa miligiram 50 a cikin mililita 100, alhali a Ingila har yanzu 80 ce, kuma wanda aka kama yakan rasa lasisinsa na aƙalla shekara guda. Ƙananan kofuna huɗu na abu mai ƙarfin kashi 40 zai iya kai mutum wannan iyaka, shi ya sa yake neman mai tuƙi, kuma a gaskiya tunaninsa na mai hankali ne. Amma mafita ba lallai ta zama kai ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a waɗannan ziyarori masu tsafta da ƙyalli. Ni nake ganin ɗaya fuskar a ɗakin marasa lafiya: magidanci ɗan shekara 45 idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura da ruwa saboda hanta ta ƙone. A 2023 mutum sama da 1,200 ne suka mutu a Sikotland ta dalilin barasa kai tsaye. Gwamnatinsu da kanta ta kafa mafi ƙarancin farashi a 2018, fene 50 a kan kowane ma'aunin barasa, ta ɗaga shi zuwa fene 65 a 2024, domin ta rage shan mai arha. Ban ce tsadadden wuskin Dufftown ne yake kashe su ba, yawanci mai arha na kanti ne, amma idan za a kai yaro ya ga tukwanen jan ƙarfe suna walƙiya, adalci ne a gaya masa wannan ɓangaren ma.

Yayar Aliyu, Edinbara

Ku yi mini afuwa in sa baki a gaban manya. Ni a nan na tashi tun ina shekara shida, kuma ina so in yi magana a kan yara, tunda ba da jimawa ba ni ma yarinyar ce a bayan mota. Iyayena sun kasance idan muka wuce gine-ginen matatun nan masu rufi mai tsini sai su yi shiru ko su canza magana, kamar babu su. Sakamakon shi ne abin da na sani game da giya a wurin ƙawayen makaranta na fara jin sa, ina shekara 14, kuma ba ta fuskar da iyayena za su so ba. Sadiq zai ga sunayen nan a allon hanya ko kun so ko ba ku so ba, domin matatun irin wannan wuski wajen guda 50 ne suke wannan yanki. Zai ji warin dusa a iska a Dufftown, zai tambaya. Gara ya ji amsa daga bakin mahaifinsa: wannan sana'ar mutanen nan ce, ga yadda ake yi, ga dalilin da ya sa mu ba ma sha, ga kuma dalilin da ya sa duk da haka muke girmama maƙwabcinmu. Ba na cewa a shigar da shi ɗakin ɗanɗano. Ina cewa kada a mayar da abin sirri.

Malam na Zariya

'Yata, maganarki tana da nauyi, kuma ban ce a ɓoye wa yaro abin da idonsa yake gani ba. Bayani daban, halarta daban. Na kuma karɓi gyaran Hajiya: idan kowa da motarsa, ba ka ɗauki kwalba ba, ba ka biya kuɗin shiga ba, ba ka zauna a teburin sha ba, to tafiya da maƙwabci wanda ba Musulmi ba babu laifi a cikinta, haƙƙin maƙwabtaka ma bai bambanta Musulmi da waninsa ba. Amma ina da tambaya ga waɗanda suka san wurin. Yaya za a yi da cin abincin dare? Idan iyalai biyu suka zauna a gidan abinci ya yi odar giyar garin, an koma gidan jiya.

Maman Ilham, Inverness

Wannan ita ce tambayar gaskiya, Malam, domin a ƙauyukan nan sau da yawa wurin cin abinci ɗaya ne tak kuma shi ne mashayar garin. Abin da muke yi shi ne kama gidan haya mai ɗakin girki maimakon otal, mu taho da namanmu na halal daga gari a akwatin ƙanƙara, da shinkafa da yaji. Idan aka dafa a gida aka gayyace su, teburin naka ne, kuma Baturen da ya san mutunci ba zai kawo kwalba teburin da ya san ba a sha ba.

Idan kuma dole ta sa an ci a waje, a kula da abubuwan da barasa take ɓuya a ciki, domin a yankin nan suna sa ta a abinci fiye da yadda baƙo zai zata. Kifin da ake soyawa da ƙullun fulawa, wasu da giya suke kwaɓa ƙullun, sai an tambaya. Akwai kayan zaƙi da suke kira cranachan, na kirim da hatsin oat da zuma, wuski ake zuba masa. Romon da ake zubawa a kan haggis, abincinsu na kayan cikin tunkiya da hatsin oat, sau da yawa na wuski ne, haka alawar madara da jam ɗin lemo da ake sayarwa a shagunan tsaraba. Abin da ban taɓa samun matsala da shi ba shi ne miyar Cullen skink, ta busasshen kifi da dankalin turawa da albasa da madara, kuma za ku wuce ta garin Cullen ɗin a hanyar dawowa. Ku tsara yadda Juma'a za ta same ku a Inverness, akwai masallaci. Ku kuma riƙe jadawalin salla a hannu, domin a farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, yara sukan yi barci kafin magariba. Kada ku manta da maganin ƙananan ƙwarin nan masu cizo da yamma a bakin ruwa.

Baban Ishaya, Gilasgo

Akwai wuri ɗaya da zan so in ji ra'ayin Malam a kai. A Craigellachie akwai masana'antar gyaran ganguna, Speyside Cooperage, wadda take aiki tun 1947. Ba a dafa komai a wurin, maƙera katako ne kawai suke kwance tsofaffin ganguna su sake haɗa su da hannu, babu ƙusa babu gam, baƙi suna kallo daga bene ta bayan gilashi. A ganina wannan shi ne wurin da iyalan biyu za su iya tsayawa tare.

Malam na Zariya

Malam Baban Ishaya, na gode da ladabin tambayarka. Ni dai ba zan shiga ba, domin gangar nan ba a yin ta sai don abu ɗaya, kuma kuɗin da ka biya a ƙofa yana ƙarfafa wannan sana'a ne. Ba zan ce wanda ya shiga ya yi daidai da wanda ya zauna a teburin sha ba, tazarar tana da yawa, amma barin abin da ake kokwanto ya fi mini kwanciyar hankali.

Likita, Dundee

Allah gafarta Malam, a nan na ɗan saɓa maka. Idan muka bi wannan ma'auni har ƙarshensa, manomin sha'ir da ke gefen hanyar Huntly ma amfanin gonarsa can yake tafiya, kuma babban kantin da muke sayen madara yana da layi guda na kwalabe. Kallon kafinta yana aikinsa bai kai matsayin taimaka wa sha ba a fahimtata. Amma na yarda magana ce da zuciyar mutum za ta yi masa alƙalanci.

Baban Sadiq, Aberdeen

Assalamu alaikum. Mun dawo shekaranjiya lafiya, na ga wajibi ne in ba ku labari tunda da shawararku na yi aiki.

Kafin tafiyar na same shi a lambunsa yana yanke ciyawa, na gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Na ce addinina bai hana ni sha kawai ba, ya hana ni ɗaukar ta da kai mutum wurinta, don haka ina so mu tafi da mota biyu. Ya kashe injin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai san abin ya kai nan ba, ya ɗauka kamar mai ciwon sukari ne da ba ya shan zaƙi amma zai iya miƙa wa wani. Ya tambaye ni ko a shekara huɗun nan ya taɓa sa ni cikin irin wannan hali bai sani ba. Na ce sau ɗaya, ranar da ya ce in karɓar masa saƙo daga mai kawo kaya, ashe katan ɗin giya ne. Ya ba ni haƙuri, ni kuma kunya ta kama ni da ban gaya masa tun lokacin ba.

Mun kama gidaje biyu maƙwabtan juna a wajen Aberlour. Ranar farko da ya tafi matata a Dufftown matarsa ce ta kai shi ta ajiye, ta dawo ta same mu a gindin gadar Craigellachie da yaransu, yara biyar suna jifan ruwa da tsakuwa har la'asar. Da yamma maiɗakina ta yi dafa-duka da kaza, suka zo muka ci tare, ya zo da kwalaben lemon Irn-Bru guda biyu, wanda babu barasa a cikinsa, ya ajiye a tebur. Ina jin ɗan warin abin a numfashinsa idan ya matso, ba zan ce ban ji ba, amma hankalinsa ɗaya, kuma bai kawo zancen abin da ya ɗanɗana ba sai da Sadiq ya tambaye shi ina ya je. Ya dube ni tukuna, na gyaɗa masa kai, sannan ya yi wa yaron bayanin sha'ir da tukwane a taƙaice, ya ƙare da cewa abu ne na manya wanda ya lalata mutane da yawa, ciki har da kawunsa. Wannan ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da dare na zauna da Sadiq na yi masa nawa bayanin kamar yadda Yayar Aliyu ta ce. Tambayar da ya yi mini ita ce ko maƙwabcinmu mutumin banza ne tunda yana sha. Na ce masa a'a, na tuna masa wanda ya kai mahaifiyarsa asibiti.

Maganar masana'antar ganguna kuwa, Malam, ka yi haƙuri, na shiga, ni da Sadiq da maƙwabcin da ɗansa, maiɗakina ta ce ita tana bayanka ta zauna a mota da ƙanana. Na ga wani saurayi ya jera allunan katako a cikin zoben ƙarfe, yana zagaya gangar yana dukan zoben da guduma har ya zauna daram, yana cusa busasshiyar ciyawar fadama a bakin murfin domin kada ta yi yoyo, ƙarar wurin kamar maƙera a kasuwar Kurmi. Hannunsa ya burge ni ƙwarai. Amma da muka fito ta cikin shagon tsaraba na ga kwalabe jere a kan kanta, sai na ji abin da kake nufi, na ja hannun yaron muka wuce. Har yanzu ban yanke wa kaina hukunci a kan wannan shigar ba.

A Aviemore ya je kamfanin giyar shi kaɗai a ƙafa, mu muna Loch Morlich. Wuri ɗaya ne aka samu tangarɗa, a wani gidan abinci kusa da Loch Ness inda ruwan sama ya kora mu ciki. Ya manta ya yi odar kofin giya, mai hidima ta kawo ta ajiye a gabansa. Na rasa abin yi, sai na ce zan duba mota. Kafin in miƙe ya gane, ya ɗauki kofin ya koma can wurin kanta ya tsaya ya sha, sannan ya dawo. Kifin wurin ma da giya aka kwaɓa ƙullunsa, da Hajiya ba ta faɗa ba da mun ci, sai muka koma kan miyar kifi da burodi. Juma'a ta same mu a Inverness, shi da iyalinsa suka tafi filin yaƙin Culloden suka jira mu a can.

Kwalabe uku ya sayo, a motarsa suka dawo.

Malam na Zariya

Alhamdu lillahi da kuka dawo lafiya. Abin da ka yi a lambu shi ne mafi wahala kuma ka yi shi. A kan ganguna ina nan a kan ra'ayina, kuma ka gaida maiɗakinka ka ce na yaba mata.

Baban Ishaya, Gilasgo

Sannunku da hanya. Ka shirya, domin masu son wuski idan sun gama da Speyside tsibirin Islay suke nufa, inda ake busar da tsiron da hayaƙin baƙar ƙasar fadama. Can sai an shiga jirgin ruwa daga Kennacraig, kuma kuɗin ɗaukar mota biyu ba kaɗan ba ne, don haka zancen mota ɗaya zai iya dawowa.

Baban Sadiq, Aberdeen

Ya riga ya ambata a hanyar dawowa, da muka tsaya shan miya a Cullen. Na ce masa idan Allah ya kai mu baɗi ni zan zaɓi hanya, kuma ina so mu tsallaka zuwa Stornoway a tsibirin Lewis, in ga masallacin da aka buɗe a can a 2018. Ya ce ya yarda, matarsa kuma ta ce ita ma ta fi son can. Hajiya Maman Ilham, ko kin taɓa shiga jirgin da ke tashi daga Ullapool da yara? Ina so in san yadda teku take a watan Yuli, domin autarmu ko a mota amai take yi.